Murɗaɗɗen Fil na Tufke Gashi: Abin da Na Gani Bayan Wata 14 Ina Amfani da Shi

Gashina ya sauko har tsakiyar baya, kuma irin mai laushin nan ne da sulɓi, wanda ni da 'yan'uwana mata muka gado daga kakarmu ta wajen uwa, Bafulatanar Adamawa. Duk wadda ta gan shi a tsefe takan ce ma sha Allah, ni ma ina gode wa Allah da Ya ba ni shi, amma wadda take ɗauke da irinsa ce kaɗai ta san cewa kitso ba ya kwana huɗu a kansa bai fara fita ba, ribom kuwa ba ya cika awa biyu bai zame ba. Ina aikin jinya a wani asibiti a Kano, inda nakan yi aikin dare na awa 12, kuma a wannan aiki gashin da ya warware ba ƙaramar matsala ba ce. Hannun da ya sa safa domin wanke ciwo ko ɗaura ruwa ba shi da damar komawa ƙeya ya gyara gashi, idan kuma ya koma, to sai an cire safar, an wanke hannu, an sa wata sabuwa, alhali ga marar lafiya yana jira. Shekaru na kwashe ina tufka da warwara, har ranar da yayata ta dawo daga tafiya ta miƙo mini wani ɗan kwali mai ɗauke da ƙarafa biyu a murɗe. Na jujjuya shi na ce, "Yaya, wannan kuma na mene ne?" Ta ce, "Ki tufke gashinki da shi ranar aikin dare, sa'an nan ki zo ki ba ni labari."

Abin da ke cikin kwalin shi ne fil ɗin da kamfanin Goody yake sayarwa da sunan Spin Pin. Goody tsohon kamfanin kayan gashi ne na Amurka, wanda Henry Goodman ya assasa a birnin New York a shekarar 1907, kuma kamfanin ne ya sa wannan samfuri ya yi suna sama da shekara goma da suka wuce, ko da yake yanzu masana'antu da yawa suna ƙera irinsa ba tare da wani suna a jiki ba. Waya ce guda ɗaya ta ƙarfe da aka lanƙwasa a tsakiya, aka murɗa ƙafafunta biyu suna zagaya juna ba tare da sun haɗu ba, tsawonta kusan santimita 5, kuma a bakin kowace ƙafa akwai ɗan dunƙule mai santsi domin kada ta karce fatar kai. Guda biyu ne a kwali. Akwai mai duhu domin baƙin gashi, akwai mai haske domin masu farin gashi na Turawa, akwai kuma gajere wanda ake sayarwa uku-uku. A jikin kwalin an rubuta cewa yana yin aikin fil 20 na yau da kullum. Ni dai kafin zuwansa nakan soka tsakanin 10 zuwa 12 a kowace tufka, yanzu kuma biyu nake sawa a yawancin ranaku.

Kafin in faɗi yadda yake aiki, ya kamata in faɗi dalilin da ya sa sauran kayan suka gaza, domin sai da na fahimci wannan na daina zargin hannuna. Kowane silin gashi yana lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na jikin kifi. Idan suka kwanta lumui, gashi yakan yi sheƙi ya kuma yi santsi, idan kuwa silin miƙaƙƙe ne, to kowanne yana kwance ne a gefen ɗan'uwansa ba tare da sun sarƙe ba. Gashin yawancin Hausawa mai nannaɗewa ne, yana kama kansa da kansa, shi ya sa kitso yake yin mako uku ko fiye a kansa. Amma da zarar an sa masa rilaksa, wadda wasu nau'o'inta suke ɗauke da irin sodar nan da masu haɗa sabulu suke amfani da ita, sai sinadarin ya karya ƙullin da ke sa silin ya nannaɗe, gashin ya miƙe, ya shiga sahun irin nawa. Daga nan mu da kanmu muke ƙara masa santsi da man shanu, da man kaɗanya, da man kwakwa, da karkar, da haɗin chebe da ya zo mana daga Chadi, ga kuma man salun mai ɗauke da silikon, wanda za ki ga an rubuta sunansa a bayan kwalba da kalmomi irin su dimethicone. Duk waɗannan suna da amfaninsu wajen hana gashi bushewa da karyewa, musamman a lokacin hunturu, kuma ba na ba kowa shawarar ta daina su. Sai dai ribom, da robar gashi, da baƙin fil mai baki biyu a manne, da kilif mai haƙora, dukansu da matsi suke riƙe gashi, shi kuwa matsi ba ya tasiri a kan abin da ke zamewa, kamar dai mai ƙoƙarin damƙe tarwaɗa da hannu. Na gwada robar nan mai kama da wayar tarho ta dā, na gwada tsinken katako da ake sokawa ta tsakiyar gammon gashi, na gwada raga. Tsinken ya fi sauran riƙo, amma ba ya zama a ƙarƙashin hijabi, domin bakinsa biyu suna turo yadi.

Abin da mace take yi idan tufka ta ƙi zama shi ne ta ƙara tamkewa, kuma a nan ne ɓarnar take. Na kai matsayin da nake zagaya roba sau huɗu, ina jan gashin har sai na ji fatar goshina ta ɗaga, kafin asuba kuma kaina ya ɗauki ciwo daga ƙeya zuwa saman ido. Sannu a hankali gashin gefen goshina, sama da kunne, ya fara ja da baya. Wannan zubewar gashi da ja yake haddasawa sananniya ce a wurin likitocin fata. A shekarar 2007, Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a unguwar Langa ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, inda suka same ta a kan kusan kashi 32 cikin 100 na manyan matan da suka duba, da kuma kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma ta fi yawa a wurin waɗanda suka haɗa rilaksa da gyaran gashi mai ja. Gashi yana tsiro ne kimanin santimita ɗaya ko ɗan sama da haka a wata, saboda haka abin da roba ta cinye a shekara guda ba a mako ake mayar da shi ba, idan kuma jan ya daɗe har saiwar ta mutu, wurin ba ya sake tsiro. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar abin tufke gashi da muhimmanci fiye da yadda wasu za su zata.

Shi murɗaɗɗen fil ba ya matse komai. Yana shiga ne yana juyawa, kowace ƙafa tana ratsa gashin gammo, ta ɗebo na jikin fatar kai, ta sake komawa cikin gammon, kamar yadda allura take ɗinke ƙyalle biyu. Idan gashin yana son zamewa, sai ya bi duk lanƙwasar ƙarfen kafin ya fita, shi kuwa ƙarfen ba zai fito ba sai an juya shi baya, abin da nauyin gashi ko girgiza kai ba sa iya yi. Saboda haka santsin gashi, wanda shi ne yake kayar da roba, kusan ba ya shafarsa, hasali ma yana sa ya shiga ya fita cikin sauƙi. Daren farko da na sa shi, na tufke kaina da misalin ƙarfe 7 na yamma, na yi ta sunkuyo da ɗagowa a kan gadaje, na yi sallar isha'i da ta asuba, kuma da na dawo gida da hantsi na tarar gammon yana inda na bar shi, sai 'yan siraran gashin ƙeya da suka fito, waɗanda dama ba su kai tsawon shiga tufka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ciwon kai.

Amma ba ranar farko na iya sa shi daidai a kowane lokaci ba, kuma ina ganin yawancin matan da suka ce bai yi musu aiki ba a nan suka yi kuskure. Ga yadda nake yi yanzu. Nakan taje gashin in tattara shi a ƙeya da hannu kawai, ba tare da roba ba, in murɗa shi kamar igiya har ya fara nannaɗe kansa, sa'an nan in zagaya shi ya zama gammo, in cusa jelar a ƙarƙashi sosai, domin jelar ce take fara zamewa ta ja sauran. Ina dafe da gammon da hannun hagu, sai in ɗora bakin fil na farko a gefensa na sama, in tabbatar na ji ɗan dunƙulen ya taɓa fatar kai ya kama gashin da ke kwance a wurin, sa'an nan in juya shi ta dama kamar mai rufe murfin kwalba, ba tare da na tura da ƙarfi ba, har ya nutse. Na biyu kuma ta ƙasa yake shiga, yana hawa sama, a ɗan gefe da na farko. Wannan taɓa fatar kai ita ce gaba ɗayan sirrin. A makonnin farko, sau da yawa nakan murɗa shi cikin gammon kaɗai, sai gammon ya dunƙule da kyau amma ya riƙa lilo a wuyana, domin ba a ɗinke shi da kan ba. Kuskure na biyu shi ne barin ƙarafan biyu su haɗu a tsakiya: idan suka sarƙe da juna, cire su yakan zama aiki, gashi kuma yakan tsinke. Na uku shi ne fizgowa. Ba a fizgo shi ko ana sauri, juya shi ake yi ta hagu har ya fito da kansa.

Ranar da na shafa mai da yawa, ko washegarin wankin kai lokacin da gashin yake kan ganiyar santsinsa, nakan fara yin kalaba guda ɗaya sako-sako kafin in nannaɗe, in kuma ƙara fil na uku daga gefe. Kalabar tana ba ƙarfen wurin kamawa, tana kuma hana jela fita. Ba na tufke gashi yana jiƙe, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa, kuma a ƙarƙashin hula da hijabi ba ya bushewa, sai ya kawo wari da ƙaiƙayi.

Akwai abin da masu ƙera shi wataƙila ba su yi tunaninsa ba, amma a wurinmu yana da girma, wato yadda yake zama da alwala da lulluɓi. Muna shafar kai ne gaba ɗaya, daga goshi zuwa ƙeya a dawo, sau da yawa a yini, kuma kowace shafa tana ɗan tura roba ƙasa, ruku'u da sujada su ƙarasa sauran. Tufkar da aka yi da wannan fil ba ta motsawa da shafa. Ƙarfen kuma yana ɓuya ne gaba ɗaya cikin gashi, babu bakin da zai kama hular hijabi ko ya huda mayafi mai tsada. Da yawa daga cikinmu muna tufkewa ne a ƙasa kusa da wuya, saboda hadisin da aka sani game da kawuna masu kama da tozon raƙumi, kuma kilif mai haƙora ba ya yarda da haka, domin yana turo hijabi ya yi tudu, idan kuma kika jingina a kujerar mota ko adaidaita sahu ya danne miki ƙashin kai, wani lokaci ya karye. Shi murɗaɗɗen fil kuwa yana barin gammon ya kwanta daidai girman gashinki. A wurin biki ma na ga amfaninsa, domin ɗaurin ɗankwali ko gwaggwaro yana buƙatar abin da zai zauna a kai wanda ba ya zamewa, kuma wadda take da tsawon gashi ba ta da buƙatar acuci idan nata ya tsaya.

Yanzu sai aibobinsa, kuma yana da su. Na farko ya shafi abin da ake samu a kasuwa. Da na ga amfanin biyun da yayata ta kawo, sai na nemi ƙari, na samu wasu marasa suna a wani shagon kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari, guda shida a jikin kati ɗaya, da arha ƙwarai. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta." Ba ɗaya ba ne. Cikin wata biyu fentin biyu daga ciki ya fara ɓarewa, wurin da ya ɓare ya yi tsatsa saboda ruwan alwala, tsatsar kuma tana kama gashi tana tsinka shi. Ɗaya kuma dunƙulen bakinsa ya fita ban lura ba, sai da na ji zafi a ƙeya na ga ya karce ni. Wani ƙarfensa ya yi laushi har ƙafafun suka buɗe suka daina riƙo. Biyu ne kawai suka rayu, kuma har yanzu suna aiki daidai da na asalin, abin da ya nuna mini cewa marar suna ma yana iya yin kyau idan an zaɓa da ido. Idan za ki saya, ki roƙi mai shago ya bari ki ciro ɗaya. Ki matse ƙafafun da yatsu biyu ki saki: mai kyau yana komawa yadda yake nan take. Ki bi jikinsa da yatsa daga sama har ƙasa ki ji ko akwai kaushi, ki murza dunƙulen bakin da farce ki ga ko fenti ne kawai aka ɗiga, ki kuma duba lanƙwasar sama, domin a nan fenti yake fara tsagewa. Wanda ya fara tsatsa ko ya rasa bakinsa, a jefar da shi, gashin da zai ci ya fi kuɗinsa daraja.

Sauran iyakokin na samfurin ne kansa, ko wane ne ya ƙera shi. Gammo kaɗai yake riƙewa, ba ya ɗaure gashi a bar jela tana reto. Yana buƙatar tsawon da zai zagaya aƙalla sau ɗaya da rabi, saboda haka wadda gashinta bai wuce kafaɗa ba, ko wadda nata ya kakkarye ya zama wani dogo wani gajere, za ta ga bakin gashin yana tsattsagowa ta ko'ina. Idan gashin dogo ne amma ba shi da cika, gammon yakan yi ƙanƙanta har bakin ƙarfen ya leƙo ta ɗaya gefen, kuma a nan gajeren samfurin ya fi dacewa. Ƙanwata, wadda nata ya kai kugu kuma ya fi nawa cika, sai ta sa huɗu. Wata abokiyar aikina mai gashi irin na asali, mai cika da nannaɗewa wanda bai taɓa ganin rilaksa ba, ta ara ta gwada. Ya riƙe tamau, amma wajen cirewa gashin ya nannaɗe ƙarfen har sai da na taimaka mata, kuma gaskiyar magana ita ba ta da matsalar da aka yi shi dominta. Haka nan ba zai ɗauki nauyin kitson da aka yi da ƙarin gashi ba. Ba na kwana da shi, domin gammo a ƙeya yana hana kwanciya rigingine, gashi kuma yana buƙatar ya huta. Ga ma'aikatan asibiti da marasa lafiya akwai ƙarin gargaɗi guda: ƙarfe ne, kuma da yake yana ɓuya cikin gashi ana iya mantawa da shi, alhali ba a shiga ɗakin hoton MRI da kowane irin ƙarfe saboda ƙarfin maganaɗisun na'urar. Duk lokacin da zan raka marar lafiya can, nakan cire nawa tun daga ɗakinmu in ɗaure da ƙyalle.

Game da goshina, ba zan ce fil ya tsirar da gashi ba, domin ƙarfe ba magani ba ne. Abin da ya yi shi ne ya raba ni da dalilin tamkewa. Bayan kamar wata huɗu na fara ganin ƙananan gashi masu laushi a wurin da ya ja baya, yanzu kuma gefen dama ya kusa cikewa, na hagu, wanda ya fi cin wuya, yana biye a hankali. Nakan kuma sauya wurin gammon, yau a tsakiyar ƙeya, gobe ɗan ƙasa ko ɗan gefe, domin kada nauyi ya dawwama a kan saiwa ɗaya. Wadda take jin zafi idan ta kwance gashinta, ko take ganin ƙananan ƙuraje a layin goshi, ta sani jan ya yi yawa ko da me ta ɗaure. Wadda kuma wurin ya riga ya yi sumul yana ƙyalli, ta je wurin likitan fata da wuri, kada ta tsaya ga mayukan da ake tallatawa a waya.

Kuɗin na asalin ya ninka na kasuwa sau da yawa, kuma ba kowane shago ake samunsa ba, sai manyan kantuna ko masu sayarwa ta intanet, amma biyun da aka kawo mini suna nan yadda suka zo bayan wata 14 na amfani kusan kullum, babu tsatsa, babu lanƙwasa. Babbar barazanar da ke kansu ita ce ɓata, domin ƙanana ne masu duhu, suna gangarawa idan aka ajiye su a kan tebur, kuma yaro mai rarrafe yana iya kai su baki. Saboda haka da zarar na cire su nakan murɗa ɗaya cikin ɗaya su zama abu guda, in sa su a ƙaramin aljihun jakar aikina mai zif, tare da agogon duba bugun jini da almakashina.